Rakiya

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Sheffield.
Na ajiye bas a gareji, na hau tudun unguwarmu da ƙafa,
na tarar Bahijja ba ta kwanta ba.
Kwamfuta a teburin kicin, kusa da tuwon da ta rufe mini.
Aikin makaranta, in ji ta, gobe za a karɓa.

Ta danna maɓalli ɗaya. Tiiii.
Sauti tsirara, ba gaba ba baya,
irin kukan firji in an bar ƙofarsa a buɗe.
Na ce, wannan ne kiɗan?
Ta ce, Baba, yadi ne, ba a kai shi wurin tela ba tukuna.

A allon akwai layi mai tudu da gangare,
ƙarƙashinsa abin murɗawa guda huɗu, irin na murhun gas.
Na farko ta mayar da shi sifiri:
sautin ya faɗo ɗaki, ƙas, ba sallama.
Ta murɗa shi dama, sakan ɗaya, sakan biyu,
sai ga shi yana tahowa daga nesa,
ya tsaya a zaure, ya yi gyaran murya
kafin ya shigo.
Na ce goge ne.
Ta ce babu goge a ciki, sautin ɗazu ne.

Na biyu yana auna saukowar murya
bayan hayaniyar lale lale da ina gajiya.
Na uku ba lokaci yake aunawa ba, ta ja mini kunne,
malaminsu Mista Ollerenshaw ya ce nan kowa ke faɗuwa:
ƙarfin muryar ne da za a zauna a kai a yi hira
muddin yatsanka yana kan maɓalli.
Ta kashe shi, sai sautin ya koma tsirkiyar gurmi,
tan, ya mutu a hannu
tun yatsa bai ɗaga ba.

Na yi loma uku. Miyar ta huce.

Na huɗu, aikinsa sai an saki.
Ta ɗaga yatsa, sauti ya yanke
kamar ƙofar maƙwabcinmu
ranar da na kai masa wasiƙarsa da aka jefo mana bisa kuskure:
godiya, murmushi, sakata,
ban ko juya ba.
Ba rashin kirki ba ne. Sanyi ne, da kuɗin gas.

Na ce, ba ni linzamin.
Hannun da ya saba da sitiyari mai faɗin tire
ya yi ta zamewa, tana dariya,
har na ja shi sakan shida.
Na danna. Na saki.

Bai tafi ba.
Ya nemi takalmansa a hankali.
Kawu Tanimu ke nan a Funtua,
in ya raka baƙo sai ya kai shi tasha,
baƙo ya ji kunya ya rako shi rabin hanya,
su tsaya a gindin darbejiya su sake ɗauko zance.
Ran da zan taho, mota ta tashi yana bin taga,
a gaida mutanen can, a riƙa kira,
muryarsa tana raguwa, tana raguwa.
Har yau ban san daidai inda ta ƙare ba.

Ya yi tsawo, Baba, zai hau kan na bayansa.
Ta danna uku a jere, kuma gaskiyarta:
suka cakuɗe kamar fasinja a ƙofar bas,
masu sauka ba su sauka ba, masu hawa sun hau.

Sai ciniki.
Ta taya sakan ɗaya, na ce albarka.
Muka daidaita a biyu da rabi.

Ta adana aikin, ta rufe kwamfuta,
ta ce sai da safe, ta haye bene da gudu.
Na bi ta zuwa gindin matakala, hannuna da sauran miya,
na tsaya a nan
har hasken ƙarƙashin ƙofarta ya ɗauke.